William Shakespeare: Ɗan Wasan da Muka Mayar Azabar Jarrabawa

Kusan duk wanda ya zauna ajin adabi a wata sakandare a Kaduna ya haɗu da sunan William Shakespeare, kuma yawancinmu mun haɗu da shi ne ta ƙofar da ba ta dace ba. Ana miƙo wa yaro littafi mai ƙananan baƙaƙe, cike da tsohon Turancin da ko Baturen yau sai ya nemi sharhi kafin ya gane shi, a ce ya haddace jigo da sunayen taurari domin amsa tambayar WAEC, da zarar an fito daga ɗakin jarrabawa kuma shi ke nan an rabu. Na daɗe ina ganin wannan a matsayin rashin adalci ga yaran da kuma marubucin, domin mutumin nan bai zauna ya yi rubutu don a karanta shi shiru a kan benci ba. Ɗan wasa ne mai neman abincinsa da sana'ar wasa, kuma yawancin abin da ya rubuta ya rubuta shi ne domin kunnen taron jama'a.

An yi masa baftisma ranar 26 ga Afrilu, 1564, a Stratford, wani ƙaramin garin kasuwa da ke bakin kogin Avon a tsakiyar Ingila. Mahaifinsa John mai aikin fata ne, yana ɗinka safar hannu, wato baduku a wurinmu, yana kuma taɓa fataucin ulu. Ya yi arziki har ya riƙe shugabancin garin a 1568, daga baya kuma karayar arziki ta same shi, ya daina halartar majalisar gari, har a 1592 aka sa sunansa cikin waɗanda ba sa zuwa coci saboda tsoron masu bin su bashi. Yaron da ya tashi yana kallon yadda girman mahaifinsa ke zubewa a idon mutane, ba abin mamaki ba ne idan ya girma ya riƙa rubutu a kan sarakunan da mulki ya suɓuce musu, ya kuma zama mai tsananin kula da dukiyarsa. Ya yi aure a 1582 yana da shekara 18, matarsa Anne Hathaway tana da 26. Suka haifi Susanna a 1583, sai tagwaye Hamnet da Judith a 1585. Bai taka jami'a ba. Ya bar iyalinsa a Stratford ya tafi Landan neman na kansa.

Farkon ambatonsa a harkar wasan kwaikwayo a Landan zagi ne. A 1592 aka buga wani ɗan littafi da sunan Robert Greene, marubuci mai digirin jami'a wanda ya mutu cikin talauci a wannan shekarar, inda ya gargaɗi 'yan'uwansa masu ilimi da su yi hattara da wani hankaka sabon shiga da ya yi ado da gashinsu, ɗan wasa kawai amma yana ganin zai iya tsara baiti kamar kowannensu. Bahaushe ma yana cewa hankaka mai da ɗan wani naka, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zargin, kamar yadda zan nuna nan gaba. Abin da ya ƙona wa Greene rai shi ne ɗan baduku marar digiri ya shigo fagen da suke ɗauka nasu ne, kuma jama'a sun karɓe shi.

Daga 1592 zuwa 1594 annoba ta sa aka rufe gidajen wasa na Landan, sai ya koma tsara dogayen waƙoƙi yana sadaukar da su ga wani matashin basarake, mai riƙe da sarautar Southampton, wanda ya zame masa ubangida. Da aka buɗe, ya shiga ƙungiyar 'yan wasa da ke ƙarƙashin inuwar wani babban bafaden Sarauniya Elizabeth, kuma a nan ne rayuwarsa ta bambanta da ta sauran marubutan zamaninsa. Su suna sayar da rubutunsu a ba su 'yan fam kaɗan, wasan ya zama mallakar ƙungiya, su koma neman wani. Shi kuwa yana da hannun jari a ƙungiyar, yana rubutawa, yana hawa dandamali, yana kuma karɓar kasonsa daga kuɗin ƙofa. Kafin ƙarshen 1597 ya sayi New Place, ɗaya daga cikin manyan gidajen Stratford. A watan Disamba na 1598, da rigima ta ɓarke tsakaninsu da mai filin da tsohon gidan wasansu yake kai, sai suka zo da kafinta suka kwance ginin katakon gaba ɗaya, suka haye da katakan zuwa kudancin kogin Thames, suka gina sabon gidan wasa mai suna Globe a 1599. A wannan ginin ma yana da kaso.

Ya kamata mu tsaya mu dubi wannan gida da kyau, domin a cikinsa ne sirrin rubutun yake. Gini ne mai kewaye, tsakiyarsa a buɗe ba rufi, yana ɗaukar mutum kusan 3,000. Ana fara wasa da misalin ƙarfe biyu na rana, da hasken rana. Mai kwabo ɗaya yana tsayawa a ƙasa gaban dandamali, rana ko ruwa a kansa, mai ƙarin kwabo ya samu benci a ƙarƙashin rufi, mai ƙarin wani kwabon ya samu matashi. Ana yawo da abinci da abin sha ana sayarwa a tsakiyar wasa. A unguwar kuma akwai filin da ake haɗa karnuka faɗa da dabbar beyar, saboda haka idan wasa ya gundure mutum yana da inda zai kai kwabonsa gobe. Wani matafiyi daga Suwizalan, Thomas Platter, ya rubuta cewa ya kalli wasan Julius Caesar a can ranar 21 ga Satumba, 1599, kuma an rufe da rawa. Babu labule, babu fitilun da za a rage, babu zanen daji ko na fada. Idan marubuci yana son dare ya yi da ƙarfe uku na rana, dole ya sa daren a bakin ɗan wasa, ya ambaci kukan mujiya da ɓuyar taurari har ɗan kallo ya ji duhun a jikinsa. Mata ba su fara hawa dandamali ba sai a 1660, don haka samari ne waɗanda muryarsu ba ta fashe ba suka fara fitowa a matsayin Juliet da matar Macbeth.

Wanda ya tashi yana sauraron wasan kwaikwayo a Rediyon Kaduna ya san wannan fasaha ko da bai san sunanta ba. Marubucin rediyo ba shi da komai sai murya, da ita zai gina kasuwa, da ita zai gina zaure, da ita zai nuna cewa maigida ya shigo ransa a ɓace. Haka kuma wanda ya san yadda ake ɗinka magana daidai da bakin Usman Baba Pategi a Samanja, ko bakin Ƙasimu Yero a Karambana, zai gane yadda Shakespeare yake aiki, domin shi ma ya san muryar da zai ba kowane layi tun kafin ya rubuta shi. Hamlet da Othello da Lear duk an yanka su ne daidai da Richard Burbage, babban tauraron ƙungiyar. Lokacin da ɗan barkwancinsu Will Kemp, gwanin rawa da shirme, ya bar su wajen 1599, Robert Armin mai waƙa da habaici ya maye gurbinsa, sai wawayen wasannin suka sauya hali, suka koma masu gaya wa sarki gaskiya cikin raha. Wawan da ke bin Sarki Lear yana yi masa gori a kan raba ƙasarsa da ya yi ba baƙo ba ne ga wanda ya san matsayin wawan sarki a fadojinmu, ko ya ji labarin wasan gauta da ake kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansu.

Maganar hankaka kuwa, gaskiya ne cewa kusan duk labaransa aro ne. Tarihin Ingila da Sikotilan ya ɗebo shi daga littafin Holinshed, labaran Rumawa daga Plutarch wanda Thomas North ya fassara a 1579, Othello kuma daga wani gajeren labarin Italiya na Cinthio da aka buga a 1565. Ban ga aibi a nan ba, kamar yadda ban ga aibi a wurin Abubakar Imam ba, wanda ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa ya zuba su cikin Magana Jari Ce har suka zama namu. Gwaninta tana cikin abin da aka yi da aron. Macbeth na tarihi ya kashe Duncan ne a fagen yaƙi a 1040, ya kuma yi mulki shekara 17. Shakespeare ya mayar da Duncan dattijo mai kirki, ya kawo shi gidan Macbeth a matsayin baƙo, ya sa aka kashe shi yana barci. Kafin kisan, Macbeth da kansa yana lissafa dalilan da suka hana: ɗan'uwansa ne, sarkinsa ne, kuma baƙonsa ne wanda ya kamata ya tsare masa ƙofa. Bahaushe ba ya buƙatar malami ya fassara masa nauyin wannan cin amana. Akwai kuma lissafin duniya a ciki, domin a littafin Holinshed Banquo abokin ƙulla makircin ne, amma da yake Sarki James, wanda ya hau gado a 1603 ya kuma ɗauki ƙungiyar ta zama tasa, yana danganta kansa da zuriyar Banquo, sai marubucin ya wanke shi tas.

Irin wannan taka-tsantsan dole ne a zamanin. Babu wasan da ake nunawa sai jami'in tacewa na fada, Edmund Tilney, ya karanta ya sa hannu. Cikin marubutan wasa na lokacin, an kashe Christopher Marlowe da wuƙa a 1593 yana cikin bincike, an azabtar da Thomas Kyd a wannan shekarar, an ɗaure Ben Jonson a 1597 saboda wani wasa. A watan Fabrairu na 1601 magoya bayan basaraken Essex suka biya ƙungiyar ƙarin sule arba'in domin ta nuna Richard na Biyu, wasan da ake tuɓe sarki a cikinsa, kwana ɗaya kafin su yi yunƙurin tawaye. Tawayen ya ci tura, aka kira ɗaya daga cikin 'yan wasan ya yi bayani, aka sallame shi, kuma a daren jajiberin sare kan Essex ƙungiyar ce ta yi wasa a gaban sarauniya. Shakespeare ya rubuta juyin mulki da kisan sarakuna fiye da kowa, amma ya kai su Rum da Denmak da tsohon tarihi, ya kuma ba kowane ɓangare hujja mai ƙarfi, ta yadda ba a iya kama shi da cewa ga inda ya karkata.

Ba kowa ya san cewa ƙasarmu ba ta yi nisa da Landan ɗinsa kamar yadda ake zato ba. A 1600 jakadan Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, wanda rundunarsa ta rusa daular Songhai a 1591, ya yi watanni a Landan yana neman ƙawance da Ingila a kan Sifen. A shekarar ce kuma aka buga fassarar Turanci ta littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, kuma a cikinsa akwai bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Zamfara. Bayan 'yan shekaru Othello ya fito, aka nuna shi a fada a 1604, kuma masana da dama suna ganin inuwar wannan littafi a jikinsa. Othello baƙin janar ne da birnin Venice ke buƙatar takobinsa, wanda wani dattijon majalisa ke gayyata gida yana jin daɗin labaransa, har ranar da ya auri 'yarsa, sai ya zama matsafi a bakinsa. Iago kuma, hafsan Othello, annamimi ne da yakan jefa rabin magana ya yi shiru, ya bar kishi ya ƙarasa aikin da ɗan hankici guda.

Amma fitowar da ta fi tsaya mini a rai gajeruwa ce ƙwarai, tana kashi na uku na Julius Caesar, kuma sau da yawa ana tsallake ta. Antony, aminin Kaisar, ya gama jawabinsa a kan gawar Kaisar, ya tunzura jama'a, sun bazu cikin gari da wuta a hannu. Sai suka ci karo da wani mawaƙi mai suna Cinna, wanda ya fito zuwa jana'izar. Suka tare shi da tambayoyi: mene ne sunanka, ina za ka, a ina kake zaune, kana da aure ko ba ka da shi? Yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan raha, domin bai san yana da laifi ba. Da ya faɗi sunansa sai suka ce a yayyaga shi, domin akwai wani Cinna cikin waɗanda suka kashe Kaisar. Ya yi ta ihu cewa shi mawaƙi ne, ba wancan ba ne. Ɗaya ya ce to a kashe shi saboda munanan waƙoƙinsa, wani kuma ya ce ba komai, ai sunansa Cinna. Wanda ya zauna a Kaduna lokacin rikicin 2000 ko na 2002, ya san abin da ake nufi da a tare mutum a hanya a tambaye shi sunansa, ya kuma ga yadda kogin Kaduna ya koma iyaka tsakanin maƙwabtan jiya, ba ya buƙatar sharhin kowa a kan wannan fitowa. Ban san wani rubutu da ya kama wannan hauka cikin layuka kaɗan haka ba.

Akwai kuma shafuka uku a ɗakin karatu na Birtaniya waɗanda yawancin masana suka yarda rubutun hannunsa ne, daga wani wasa na haɗin gwiwa a kan Thomas More, wani babban jami'in Ingila. Suna magana ne a kan tarzomar 1517, lokacin da mutanen Landan suka tashi korar baƙi. More ya tsaya gabansu ya ce su ɗauka sun yi nasara, su hango baƙin nan da jarirai a bayansu da 'yan komatsansu suna jan ƙafa zuwa bakin teku, sannan ya tambaye su: idan gobe sarki ya kore ku, wace ƙasa za ku je da ba za ku zama baƙi ba, kuma yaya za ku ji idan aka tarbe ku da wuƙa? Tilney ya rubuta a kan wasan cewa a cire batun tarzomar gaba ɗaya.

Ba na cewa waliyyi ne. A wasan ɗan kasuwar Venice ya ba Bayahude Shylock jawabi mai ratsa zuciya a kan cewa shi ma mutum ne mai jini da nama, amma ya ƙare da tilasta masa barin addininsa, kuma an tsara wannan ne domin 'yan kallo su tafi gida da farin ciki, a ƙasar da ta kori Yahudawa tun 1290. Wannan yana damuna duk lokacin da na karanta, kuma ban yarda da masu ƙoƙarin wanke shi ba. Haka nan ba za a manta ba cewa ta makarantar mulkin mallaka ya iso mana, a matsayin shaidar fifikon waɗanda suka kawo shi.

Ɗansa namiji tilo Hamnet ya rasu a 1596 yana da shekara 11. Globe ya ƙone ranar 29 ga Yuni, 1613, lokacin da tartsatsin igwar da aka harba a cikin wasa ya kama jinkar rufin, kuma daga wajen wannan lokaci ya daina rubutu. Ya rasu a Stratford ranar 23 ga Afrilu, 1616, yana da shekara 52, ya bar wasiyya mai cike da gidaje da filaye wadda ba ta ambaci wasanninsa ba. Abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, su ne suka tattara wasanni 36 suka buga a 1623, kuma 18 daga ciki ba a taɓa buga su ba, har da Macbeth da Julius Caesar. A 1642 majalisa ta rufe gidajen wasa baki ɗaya. Ba don waɗannan mutum biyu ba, da rabin aikin ya bi iska. Idan na tuna haka nakan yi tunanin wasanninmu na rediyo da talabijin, waɗanda 'yan kaɗan ne suka samu shiga littafi, kamar na Shu'aibu Maƙarfi da Yusuf Ladan, alhali masu riƙe da sauran a ka suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

'Yan Afirka da suka fi amfana da shi su ne waɗanda suka ƙi barinsa a hannun Turawa. Sol Plaatje ya buga fassarar ɗaya daga cikin wasannin barkwancinsa da harshen Setswana a 1930. Julius Nyerere ya fitar da Julius Caesar da Swahili a 1963, yana kan kujerar shugabancin ƙasa, ya ƙara da wasan ɗan kasuwar Venice a 1969, domin ya nuna cewa harshensu zai ɗauki kowane nauyi. A kurkukun tsibirin Robben fursunoni sun riƙa zagayawa da kundin ayyukansa, kowa yana sa hannu a gefen wurin da ya fi so, kuma a Disambar 1977 Nelson Mandela ya zaɓi inda Kaisar ke cewa matsoraci yakan mutu sau da yawa kafin ajalinsa, jarumi kuwa sau ɗaya yake ɗanɗana mutuwa. A Hausa ma Ibrahim Yaro Yahaya ya ba mu Daren Sha Biyu, fassarar wasansa Twelfth Night.

Abin da nake fata shi ne a ɗora daga nan, kuma a yi shi domin kunne. Shakespeare yakan sa manya su yi magana cikin baiti mai gaɓa goma marar amsa-amo, talakawa kuma su yi zance irin na kasuwa, kuma ba lallai ne mai fassara ya kwaikwayi ma'aunin Turanci ba, tunda Hausa tana da nata matakan: akwai maganar fada, akwai kirari, akwai habaici da zambo, akwai zaurance da ba'ar 'yan tasha. Jawabin Brutus, jigon waɗanda suka kashe Kaisar, yana son harshen alƙali mai auna kalma, na Antony yana son harshen maroƙin da ya san inda zai taɓa taro ya motsa. Kashi na uku na Julius Caesar, daga kisan zuwa mutuwar Cinna, bai fi ƙarfin shirin rediyo guda ba, kuma abin da yake buƙata shi ne muryoyi huɗu ko biyar masu ƙarfi, da matasa kamar goma da za su yi hayaniyar taro, da marubucin da ya san yadda mutanen Tudun Wada da na Sabon Tasha suke magana idan ransu ya ɓaci.